Ƙwan Ƙarshe a Ɗakin Ƙashi

Kukan injin ya sirance.

Gaggawa tana bakin ƙofa rungume da kwalin tsofaffin kayan aiki, amma jikinta ya ji tun kafin hankalinta ya kai. Gurnanin nan mai kauri da injin haƙa yake yi idan yana cin ƙashi ya koma wani siririn fito, alamar ƙashin ya yi laushi kamar takarda, kuma abin da ke bayansa ba abin taɓawa ba ne. Ta tsaya cak tana jiran tsawar Malam, tsohon malaminsu, wadda ta girma a cikinta.

Tsawa ba ta zo ba.

Dogo, likitan da ke shekararsa ta ƙarshe a koyon tiyatar kunne da hanci da maƙogwaro, ya duƙufa a kan madubin aiki mai ƙara girman abu, ƙashin koyo, na bayan kunnen mutum, yana ɗaure cikin kwanon ƙarfe a gabansa. Shi ma tsawar yake jira. Da bai ji ta ba, sai ya ƙara dannawa. Bakin injin ya faɗa ciki, ɓus. Da mutum ne a kwance, da yanzu jini ya rufe madubin.

Malam yana kujerarsa ta kullum a ƙarshen teburin, idanu a rufe, hannuwa harɗe a ƙirji, yana gyaɗa kai kamar mai sauraron waƙar ƙuruciyarsa.

"Madalla," ya ce a tausashe. "Ci gaba, ɗana. Da sauranka."

Sauran masu koyon suka sunkuyar da kai. Wata ta shiga gyaran igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Dogo ya ɗago da fuska jage-jage da gumi ya dubi Gaggawa, kamar yana roƙonta ta ce mafarki yake yi.

"Malam, masu kwashe kaya sun iso," in ji ta. Bai motsa ba. Sai da ta zagayo ta dafa kujerar sannan ya buɗe ido, kuma a nan ne ta lura da abin da ya kamata ta gani tuntuni: bakinta yake kallo, ba idonta ba.

"Har sun zo? To, Allah ya yi. Ku tashi, yara."

Yau ce ranar ƙarshe ta ɗakin ƙashi. Gobe za a mayar da shi ma'ajiyar magunguna, masu koyo kuma su koma sabon gini, inda aka jera kwamfutoci da ake haƙa ƙashin ƙarya a cikinsu, ba ƙura, ba wari, idan ka yi ɓarna ka danna madanni komai ya dawo sabo. Gaggawa da kanta ta yi ta faɗi-tashi har aka kawo su, don ita ce shugabar sashen yanzu. Amma ba ginin ne ya dame ta ba. Gobe da safe Malam zai yi wa wani direba aiki, mutumin da ruɓa ta ci ƙashin bayan kunnensa har ta kusa jijiyar fuska. Idan injin ya lashi jijiyar nan, bakin mutumin zai karkace, idonsa ɗaya ya ƙi rufuwa, har ya koma ga Allah. Kuma ba wanda yake da ikon cewa Malam kada ya shiga ɗakin tiyata sai ita.

Dogo ya cim mata a baranda, yana murza hularsa ta aiki.

"Ranki ya daɗe, gangancina ne. Kada ki..."

"Ka ji kukan ya canza?"

"Na ji."

"To me ya hana ka ɗaga hannu?"

"Malam bai ce in tsaya ba. Sai na ɗauka kunnena ne yake mini ƙarya."

Ba ta yi masa faɗa ba. Da wane baki? Da ita ce, abin da za ta yi ke nan. Duk wanda ya fito daga ɗakin nan ya fi yarda da kunnen Malam a kan nasa. A bayan idonsa Kunnen Zomo suke ce masa, don a zamaninsu yana iya juya musu baya, injina suna kuka a lokaci guda, ya ce, "Ke ta wajen taga, kin kusa kashe mutum." Kuma gaskiya ne.

Ta ajiye kwalin a ofis, ta zauna, sai shekarun suka zubo mata kamar ruwan da aka buɗe wa famfo.

Ta tuna ranar da ta fara shiga ɗakin, da sabuwar farar riga mai kanti, ƙirjinta cike da sunayen jijiyoyi da ta haddace. Ta zaci ƙashi za a ba ta. Sai Malam ya miƙo mata ɗanyen ƙwai. Ƙashin koyo yana da wuyar samu, ya ce, ba zai ba wanda hannunsa bai san kunya ba. Aikin shi ne ka cinye ɓawon da injin, ka buɗe taga kamar faɗin farce, ba tare da ka huda siririn tantanin da ke ƙarƙashi ba. Dokar kuwa biyu ce: ƙwan da ya tsira na Malam ne, zai tafi da shi gida; wanda ya fashe, mai shi zai soya a ƙaramin rishon da ke bayan ƙofa ya cinye a gaban kowa.

Ita kam ta ci ƙwai. Ta ci har warinsa ya riƙa tashinta daga barci. Kullum hannunta yana gaban kunnenta, kullum sai ta ƙara ɗan dannawa kaɗan, sai ruwan ƙwai ya feso mata a madubi, ɗakin ya ɗauki dariya. "Ina za ki ne, Gaggawa?" Malam yakan ce. "Mota za ta bar ki? Kafin idonki ya gani, ƙashin ya riga ya gaya miki. Ki yi shiru ki ji shi." Sunan ya bi ta har yau, 'ya'yanta ma sun san shi. Ta tuna hasken la'asar yana ratsa ƙurar ƙashi, da sanyin ruwan da ake ɗigawa a bakin injin, da yadda yatsunta suke ci gaba da rawa bayan an kashe wuta. Ba ta san tana cikin mafi daɗin kwanakinta ba. Ta zaci wahala take sha.

A lokacin ne wani ɗan siririn likita mai koyon sa barci ya fara leƙowa da la'asar, wai ya zo aron biro. Ya ga tana kallon kaskon da hawaye, ya ce shi fa yunwa yake ji, ko za ta taimaka masa? Ya ci ƙwanta na ranar. Ya dawo washegari. Biron bai taɓa karɓa ba.

Shi ta je nema yanzu. Ta same shi a ɗakin shan shayi na likitoci, takunkumi a rataye a wuya, ya miƙe ƙafa a kan kujera. Siririn nan ya daɗe da ɓacewa cikin tumbi.

"A'a, Shugaba da kanta? Laifin me muka yi?"

"Sarkin Barci, sauke ƙafarka, magana zan yi." Ta zauna ta faɗa masa abin da ya faru. Murmushin ya bar fuskarsa a hankali.

"Wato shi ya sa," ya ce. "Kwanaki na'urata ta yi ta ƙara a tsakiyar aiki, na shirya shan zagi, bai ko ɗago ba. Na ce tsoho ya yi sanyi."

"Duk haka muka ce. Ya daina tsawa, muka ce tsufa ya sa masa haƙuri. Ya ce mu riƙa sauke takunkumi in za mu yi masa magana, muka ce ladabi yake koya mana." Ta dafe goshi. "Mai irin wannan ciwon kunnen muryarsa takan yi ƙasa, don yana jin kansa da ƙarfi a cikin kansa. Jiya-jiyan nan na koya wa ɗalibai haka. Sashe guda na likitocin kunne, wallahi, ba wanda ya taɓa leƙa nasa."

"To wa zai kama kunnen Zomo ya ja?" Ya tura mata kofinsa. "Sha. Me za ki yi?"

"Ban sani ba. In na hana shi, na kashe shi da raina. Tun da matarsa Inna ta rasu ba shi da kowa a gidan nan sai littattafai. In na ƙyale shi kuma..."

"Direban yana da mata," ya ce a hankali. "Ɗazu da na je duba shi tana tambayata ko zai farka da murmushinsa. Wai murmushin ta aura, ba motar ba."

Gaggawa ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ya miƙo gefen rigarsa ya share mata ido.

"Je ki, uwar 'ya'yana. In ya fashe ki kawo, zan ci."

La'asar ta yi sanyi lokacin da ta koma. An kwashe kusan komai. Inda kabad-kabad suka tsaya shekara da shekaru fentin bango ya fi haske, kamar hotunan mutanen da suka tafi. Saura teburi ɗaya, da madubi ɗaya, da injin da ba a kai ga ɗauka ba, da rishon bayan ƙofa. Malam yana tsaye a taga riƙe da ƙashin Dogo, yana juya shi cikin haske, babban yatsansa a kan ramin.

Ta zagayo gabansa don ya ga bakinta.

"Malam, sannu da hutawa."

"Wannan yaron ya shiga jijiyar jini gaba ɗaya," ya ce, bai dube ta ba. "Ni kuma na ce masa madalla. Haka ne?"

"Haka ne, Malam."

"Kuma kuka yi shiru."

"Mun yi shiru."

Ya ajiye ƙashin. Ta sa hannu a aljihun rigarta ta fito da ƙarfen gwajin ji, mai baki biyu, irin wanda yake ba kowane ɗalibi ranar gamawa. Gindinsa ya goge saboda riƙo. Ya kalle shi, ya kalle ta, ya ɗaga gira.

"Ni za ki gwada? Da ƙarfena?"

"Ka yi haƙuri, Malam."

"Marar kunya." Amma bai matsa ba.

Ta buga ƙarfen a gwiwar hannunta ta kai shi kusa da kunnensa na dama. Fuskarsa ba ta ce komai ba. Ta sake bugawa, ta dafa gindin ƙarfen a kan ƙashin bayan kunnen. Nan take idanunsa suka buɗe, leɓensa ya motsa, kamar wanda ya hango ɗan'uwa a tasha bayan doguwar rabuwa. Ta yi haka a hagu. Shi ma ta ƙashi ya ji.

"Jijiyar lafiya lau take," ta ce. "Ɗan ƙashin likkafa na can cikin kunne ne ya ƙage. Malam, wannan fa aikinka ne! Mutum nawa ka buɗe wa shi? Kai ka koya mana!"

"Kada ki ɗaga mini murya, ba kurma ba ne ni." Ya yi ɗan murmushi. "Na hagu ya fara tafiya tun kina fasa mini ƙwai. Me kike zato ya sa kullum nake zama a wancan ƙarshen teburin? Na dama nake ba ku. Na ce ɗaya ya ishe ni. Yanzu shi ma ya bi ɗan'uwansa."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? Mutum ba ya yi wa kunnensa aiki. Kuma duk wanda ya iya a garin nan ni na raine shi. Na san wanda hannunsa ke rawa in ya sha shayi, na san wanda ke rufe ido in ya ji tsoro." Ya nuna ta da haɓa. "Na san wadda mota za ta bari."

Wata mota ta wuce a waje, gilashin taga ya yi ɗan kuka da ita kaɗai ta ji. Maganar da ta kawo ta tana nan a ƙirjinta kamar dutse, ta san in ta ƙara jinkiri ba za ta fito ba.

"Malam, ba za ka yi aikin direban nan gobe ba."

"Idona yana nan. Hannuna yana nan." Ya miƙa shi; ko gezau bai yi ba.

"Kai ka ce kafin ido ya gani ƙashi ya riga ya faɗa. Ban san wata hanyar ba sai taka. Ba zan bari ba."

Ya daɗe yana kallon bakinta, kamar yana son ta maimaita ko zai karanta wani abu dabam. Ba ta maimaita ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba.

"Wa zai yi?" ya tambaya.

"Ni."

"Ke da kika koma zaman taro? Yaushe rabonki da injin?"

"Ban manta ba."

"Za mu gani."

Ya je ga jakarsa ya buɗe wani ɗan kwano mai murfi. A cikin auduga ƙwai ne, guda ɗaya. Ya kawo shi ne don darasin ban kwana, ya ce, amma yaran yanzu suna ganin ƙwai sai su yi dariya. Ya ɗora shi a kwanon ƙarfen, ya ɗaure a hankali.

Gaggawa ta zauna. Kujerar ta yi ƙarar da ta sani. Ta daidaita madubin, ɓawon ƙwan ya cika idonta, fari, mai ƙananan ramuka kamar fuskar wata. Tana ɗaukar injin ta ga Malam ya jawo kujerarsa kusa, ya ɗauki ƙarfen gwajin daga kan teburi, ya dafa bakinsa a jikin kwanon, gindin kuma a ƙashin bayan kunnensa. Ya rufe ido.

"Ta nan ina ji," ya ce. "Bismillah."

Ta taka madannin injin da ke ƙasa. Injin ya ɗauki kuka, farar ƙura ta tashi, warin nan ya daki hancinta, warin ƙuruciyarta gaba ɗaya. Ta bar hannunta ya yi shara, ba haƙa ba, hagu da dama, kamar mai share fuskar jariri. Ba ta tuna taro ba, ba ta tuna sabon gini ba. Hannun ya so ya ƙara dannawa, tsohon halinsa. Ta ji shi, ta ƙi masa. Gurnanin ya fara sauka, ya yi laushi, ya sirance.

"Tsaya!"

Tsawar ta cika ɗakin da babu kowa, ta daki bango ta dawo, tsohuwar muryar nan da ke sa ɗalibai zubar da kayan aiki. Amma ƙafarta ta riga ta bar madannin. Injin yana sama, yana ƙarasa juyinsa a iska.

Malam ya buɗe ido. Ya dubi injin, ya dubi ƙafarta. Ya kwance ƙwan ya kai shi taga. Ta cikin 'yar tagar da ta buɗe, tantanin yana sheƙi, cikakke, hasken yamma ya mai da shi ruwan zinariya, wani abu yana ɗan motsi a bayansa. Ya daɗe yana dubawa.

"Gefen nan bai yi santsi ba," ya ce.

"Na gani, Malam."

Ya mayar da ƙwan cikin audugarsa, ya rufe kwanon, ya sa a jaka. "Wannan nawa ne. Ki ce wa mijinki yau ba rabonsa." Ya zuge jakar. "Direban nan, ruɓar ta fi yadda hoton ya nuna. Ki shiga ta sama. Ki tafi da Dogo ya riƙe miki ruwa, kuma ki gaya masa kunnensa gaskiya ya faɗa masa."

"To, Malam."

Ta fara naɗe wayar injin don kada ya ga fuskarta. Sai ta ji ƙarar kujera. Da ta juyo, ya zauna, ba a ƙarshen teburin ba, a kan ɗan kututturen ƙarfen da ake zaunar da marasa lafiya in an kawo su a nuna wa ɗalibai. Ya cire tabaransa ya riƙe a cinya. Ya juya mata gefensa na hagu, wanda bai taɓa ba kowa ba.

"Da wanda ya fi lalacewa ake farawa," ya ce, yana kallon bango. "Ko shi ma kin manta?"

Ta ɗauko fitilar duba kunne daga aljihunta. Kunnen ƙarami ne, mai sanyi, da furfura a bakinsa. Ta kama shi da yatsu biyu.

"Sama da baya," in ji Malam. "A hankali, Gaggawa. Ba inda zan je."